Toshin Fure Daga Briqueterie Zuwa Obala

Kyauta a al'adar Hausawa ba ta amsa sunanta sai ta ci ɗaya daga cikin jarrabawa uku da matan gida ke yi mata tun ɗan aike bai gama gaisuwa ba, wato ko ana cin ta, ko ana sa ta a jiki, ko kuwa ana iya rarraba ta ga dangi da maƙwabta domin su zama shaidu cewa an kawo. A kan wannan ma'auni aka gina toshi, wanda shi ne abin da saurayi ke aika wa budurwar da yake nema don ya riƙe zuciyarta ya kuma sanar da gidansu cewa ba da wasa ya zo ba, kuma shi ya sa goro da alawa da turare da turmin atamfa suka daɗe a kan wannan matsayi ba wanda ya yi musu gardama. Akwai kuma tukuici, wato ɗan abin da gidan da aka yi wa kyauta ke bai wa wanda ya kawo ta, wanda ba a yanke shi da ka sai an dubi darajar abin da aka kawo, ta yadda ɗan aike mai wayo kan gane matsayin maigidansa a idon surukai tun a hanyar komawa, idan ya ƙirga abin da aka damƙa masa.

Fure, idan an tsinko shi ne don a miƙa wa mutum ya riƙe kawai, yakan faɗi waɗannan jarrabawa duka, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. Masanin al'adu ɗan Ingila, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Ghana, ya wallafa littafi a 1993 mai suna The Culture of Flowers, inda ya nuna cewa a yawancin ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara ba a saba noma fure don ado ko kyauta ko ibada ba, saɓanin Indiya da Sin da Turai. Bahaushe dai ya san fure sarai, sai dai sanin da ya yi masa na tukunya ne: soɓorodo, wanda a Kamaru aka fi kira folere, ana jiƙa shi a sha, furen gurjiya ana busar da shi a kaɗa miya, furen albasa kuwa ya ba da sunansa ga wani launi da mata ke nema a wajen masu yadi. Furen da ya samu shiga ɗakin Bahaushiya don ado na roba ne, wanda ake jerawa a kan kabad ɗin amarya, a wanke shi da omo idan Sallah ta matso, kuma ana iya gadonsa. Finafinan Indiya da na Kano da suka bi sawunsu ne suka koya wa samari cewa namiji na iya durƙusawa ya miƙa fure guda ɗaya tilo, daga bisani wayar hannu ta ƙarasa aikin, domin yanzu yarinya tana tsakar gida tana tsintar shinkafa za ta ga wata a Dubai an cika mata mota da jajayen wardi.

Unguwar Briqueterie, wadda mazaunanta ke gajarta sunanta su ce Birik, tana cikin gunduma ta biyu ta birnin Yawunde, kuma sunanta na asali a bakin Ewondo masu ƙasar shi ne Ekoudou, yayin da sunan da aka fi saninta da shi ya fito daga wata masana'antar tubali da aka yi a wurin a zamanin Turawa. Fataken Hausawa sun iso Yawunde tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka kafa sansaninsu a ƙarshen shekarun 1880, kuma har yau duk Musulmin da ya fito daga arewa, Bafillace ne ko Babarbare ko Bahaushe, mutanen kudu sukan haɗa su a buhu ɗaya su kira su Hausa ko Magida. Unguwar ta yi suna a tsire da kilishi, har akwai wurin da ake yi wa laƙabi da ma'aikatar tsire saboda irin manyan mutanen da ke tsayawa da motocinsu da almuru, ta kuma yi suna a shagunan yadi da teloli masu aikin surfani. Mai neman shadda ko dabino ko carbi ko turaren wuta zai samu kafin ya gama tambaya, amma mai neman ɗanyen fure sai ya sauka cikin gari.

A cikin garin kuwa, babban abokin cinikin masu fure ba masoyi ba ne, mamaci ne. A kudancin Kamaru, musamman a tsakanin Kiristoci, ba a gaggauta binne gawa, ana ajiye ta a mutuware, wato ɗakin sanyi na asibiti, na makonni, wani lokaci watanni, har sai dangin da ke nesa sun hallara, an tara kuɗi, an fitar da yadi iri ɗaya da 'yan uwa za su ɗinka, an yi hayar rumfuna da kujeru, a tsakanin nan kuma ana taruwa da yamma a gidan marigayin a zauna gaban hotonsa. Alhamis da Juma'a ne ranakun da aka fi ɗauko gawa daga mutuware, a kwana ana waƙoƙi da addu'a, ranar Asabar a binne a ƙauye, kuma kowane rukuni na dangi da abokan aiki da 'yan coci yakan zo da nasa furen. Saboda haka masu sana'ar suna haɗa dami iri biyu, ƙarami wanda ake naɗewa a takarda mai ƙyalli a riƙe a hannu, da kuma shimfiɗaɗɗe wanda ake cakawa a kan soso ko katako a gicciya masa kintinkiri, wato siririn ƙyalle da ake rubuta saƙo a kansa da haruffa masu ruwan zinariya. Furannin cikin gida, masu kaurin jiki da jure zafi, suna zuwa daga gangaren dutsen Kamaru wajen Buea da gonakin yankin Moungo, waɗanda su ne ke ciyar da kasuwar fure ta Bonapriso a Duwala, jan wardi mai dogon kara kuwa sau da yawa baƙo ne, domin cibiyar nomansa a Afirka tana gaɓar tafkin Naivasha a Kenya, daga inda kaso mai yawa ke tashi a jirgi zuwa kasuwar gwanjo ta Aalsmeer a Holan. Abin da ya hau jirgi ba ya araha, kuma wannan bambancin farashi yana da muhimmanci ga abin da zai biyo.

Mutumin da wannan nazari ya shafa tela ne ɗan asalin Garwa, wanda ya zo Birik koyon surfani a shagon kawunsa, kuma shi ne ya rubuta wannan bayani, sai dai ya lura cewa labarin ya fi sauƙin haɗiya idan an ba da shi a kan wani. An sa masa rana da wata yarinya 'yar Obala, ƙaramin garin manoma da ke kimanin kilomita 40 arewa da Yawunde a yankin Lekié, inda hanyar Bafoussam ke rabuwa da ta Bertoua, inda kuma Eton masu ƙasar ke noman koko da tumatir, Hausawa 'yan tsiraru suna saye da sayarwa a tsakaninsu. Mahaifin yarinyar mai awon koko ne, mutum mai sikeli da littafin lissafi wanda ba ya yarda da abin da ba a iya aunawa. Ita yarinyar ba ta taɓa buɗe baki ta roƙi fure ba, domin tarbiyya ba za ta bar ta ba, abin da ta yi kawai shi ne ɗora hotunan damin wardi a kan WhatsApp safe da yamma ba tare da ta rubuta ko kalma ɗaya a ƙasansu ba, wanda a ilimin neman aure na zamani ake ɗaukarsa umarni ne da ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Ranar 14 ga Fabrairun 2025, wadda matasan duniya suka keɓe wa masoya, ta faɗo ranar Juma'a, a tsakiyar watan Sha'aban, saura kimanin mako biyu a ɗauki azumi, kuma wannan haɗuwa ce ta haifar da duk abin da ya faru. A gidan surukai ana zuba ido ne a ga kayan azumi, wato sukari da madara da ganyen shayi da gero da saurayi mai hankali kan aika kafin ganin wata. A shagon ɗinki kuwa ba wanda ke da lokacin sosa kai, domin yadin ranar mata ta 8 ga Maris, wanda kusan kowace mace a Kamaru ke son ta ɗinka, ya riga ya fito, ɗinkin Sallah kuma ya fara shigowa. A wajen masu fure, ranar masoya ta ninka kuɗin wardi, ranar ɗaukar gawa ta cika rumfa da shimfiɗaɗɗun damuna suna jiran masu su.

Telan ya isa rumfar wata mata mai fure da hantsi, ya tambayi kuɗin damin wardi, ya ji amsar, ya ƙirga kawunan furen ya ga ba su kai yawan maɓallan riga ba, sai ya juya ga wani dami da ke jingine a gefe wanda faɗinsa ya kai tabarmar sallah, fari da ruwan furen albasa, da ganyaye masu tsayi a kewaye. Da yake ya saba sayen kaya da awon yadi, ya auna shi da taƙi, ya raba kuɗin da faɗin, ya ga cewa duk wanda ya bar wannan ya sayi wancan ƙaramin bai san ciwon kuɗinsa ba. A nan ya kamata a yi masa adalci: a garin da ya taso ana wanke mamaci a sallace shi a binne shi a ranar, ba fure ba kintinkiri, kuma damin da ke gabansa a lokacin ba a riga an ɗaura masa rubutu ba.

Tattaunawar da ta biyo baya an yi ta ne da Faransanci, wanda telan ke ji gwargwadon abin da ya shafi tsawon hannun riga da ranar karɓar ɗinki. Matar ta tambaye shi, "Na wane ne, Alaji?" Ya ce na wata yarinya ce a Obala mai shekara 22, sai matar ta dafe ƙirji ta yi masa sannu har sau biyu, abin da ya ɗauka ladabin 'yan kasuwa ne. Ta ce, "Yaushe za a ɗauko ta?" Ya ce sai bayan Sallah, kusan wata biyu ke nan, matar ta girgiza kai ta ce kuɗi zai tafi, shi kuma ya amsa da zuciya ɗaya cewa kuɗi kam yana tafiya, har an fara cin bashi. Ta tambaya ko an fitar da yadi, ya ce an fitar, shi da kansa zai ɗinka wa dangi, ta tambayi rumfuna da kujeru, ya ce an kama. Da ta tambayi halin da iyayen ke ciki, ya ce uwar ce dai ba ta daina kuka ba, ya ƙara da cewa shi kansa bai zaci abin zai zo da wuri haka ba, amma abin da Allah ya rubuta ba makawa. Matar ta share ido da gefen zaninta, ta rage masa jaka uku, wato sefa 3,000, daga cikin 18,000 da ta fara faɗa, ta ce ita ma uwa ce. Da ta tambayi abin da za a rubuta, ya ba ta sunan yarinyar a takarda ya ce ta rubuta abin da aka saba, ita ta san aikinta, sannan ya yi sauri ya koma Birik kafin sahun Juma'a ya fito kan titi ya rufe hanya, yana ta yabon kirkin mutanen kudu a zuciyarsa.

Wanda aka aika ya karɓo damin ya wuce da shi Obala yaron shago ne haifaffen Birik, wanda ya yi makarantar boko har aji na tsakiya, ya kuma taso yana ganin jerin motocin gawa suna wucewa kowace Juma'a, don haka ba a shakkar cewa ya gane abin da aka miƙa masa tun daga nesa, balle da ya karanta kintinkirin da ke cewa, da haruffan zinariya, masoyiya wance ta huta lafiya, ba za a manta da ita ba har abada. Abin da aka saɓa a kansa shi ne dalilin shirunsa. Wasu sun ce tarbiyya ce, domin yaro ba ya gyara wa maigidansa aike, wasu sun ce ya kira wayar ya same ta a kashe saboda huɗuba, wasu kuma, cikinsu har da mai wannan rubutu, suna danganta abin da wata shadda da yaron ya ƙona da dutsen guga a makon da ya gabata, da kuma jan kunnen da ya biyo bayanta, wanda aka yi da hannu, ba da baki ba.

Tafiyar ta yi wa yaron daɗi fiye da kowace tafiya da ya taɓa yi. Tasi mai ruwan ɗorawa, wadda a Yawunde ake tsayar da ita a faɗi inda za a je da kuɗin da za a biya, direba ya yi hon idan ya yarda ko ya wuce ba magana idan bai yarda ba, ta tsaya masa tun bai ɗaga hannu ba. A tashar arewacin gari ya shiga opep, wato irin tsofaffin motocin da ke jigila tsakanin birni da ƙauyuka, waɗanda ake cusa wa mutum huɗu a baya, biyu a kujerar gaba, wani lokaci a ƙara ɗaya ya raba kujera da direba, amma shi aka bar masa gefen taga shi kaɗai, aka ɗaure damin a saman mota da igiyar roba. Wata tsohuwa ta ba shi bobolo, wato dafaffen rogo da ake naɗewa a ganye, wani malamin makaranta ya biya masa kuɗin mota, masu tsaron hanya kuma da suka hango furen sai suka ɗaga sanda suka ce a wuce ba tare da sun nemi ko takarda ɗaya ba, abin da ya sa direban ya tambayi yaron a asirce ko za a iya barin masa damin bayan an gama da shi. Duk wanda ya tambayi me ya same ta, yaron yakan sunkuyar da kai ya ce shi ɗan aike ne kawai, wanda kuwa gaskiya ne.

A Obala, kamar a yawancin garuruwan ƙasar, ba a neman gida da lamba, ana nemansa ne da baki, kuma kwatancen da aka bai wa yaron shi ne gidan Alhaji mai awon koko, bayan masallaci. Wanda ke neman gida da baki dole ya tsaya ya tambaya, wanda ya tsaya ya tambaya da irin wannan kaya a kansa kuwa ya riga ya yi shela. Matan da ke sayar da tumatir a bakin hanya sun san yarinyar, domin ita ake aikowa cefane, ɗaya daga cikinsu ma ta rantse cewa ta gan ta da safiyar ranar tana tafe tana dafe da kai. Kafin yaron ya kai kwanar masallaci, mata fiye da goma sun rufe kayansu da buhu sun bi bayansa, wasu sun ɗora hannu a ka sun fara kukan da al'adarsu ta tanada, wata ta ɗauko damin itace, wata nonon ayaba, saboda sun san Hausawa ba sa jinkirta binnewa kuma gidan zai buƙaci wuta da abinci kafin dare. Babu abin dariya a cikin wannan ɓangare sai sakamakonsa, domin maƙwabtaka ce tsantsa ta taso da su.

Marigayiyar tana tsakar gida a lokacin, ta ɗaure zani a ƙirji tana dakan gero na kunun azumi, taɓarya a sama, sa'ad da ayarin ya kutso ta zaure. Matar da ke gaba ta gan ta, ta saki ayabar, ta yi ihu da yarenta ta juya da gudu, ta yi karo da na bayanta waɗanda ba su riga sun gani ba kuma suna ci gaba da kuka, don haka aka ɗauki ɗan lokaci rabin taron na gudun fatalwa rabi na makoki a cikin zaure guda mai ƙofa ɗaya. Uwar yarinyar ta fito daga madafa da ludayi, ta ga fure, ta ga masu kuka, ta tuna cewa maigidan ya fita masallaci tun azahar bai dawo ba, sai ta zube a ƙasa tana salati. Alhajin, wanda ya tsaya ciniki ne a hanya, ya iso ya tarar ana kukan mutuwarsa a ciki ana kukan ta 'yarsa a waje, shi da ita kuma suna tsaye suna kallon juna. Yaron shagon ya jira har ƙura ta lafa, ya durƙusa, ya gaida kowa da sunan girmansa, ya ajiye damin a gaban turmi ya ce, "Wai in ji maigidana, a ba ta, ya ce ba yawa."

Aka kira ƙanin yarinyar ɗan firamare ya karanta kintinkirin, ya karanta da ƙarfi yadda ake koya musu a aji, ya fassara kalma bayan kalma, ya kuma maimaita wurin hutawa lafiya don kakarsu ba ta ji sosai. Kakar, wadda bisa wasan da ke tsakanin kaka da jika take kiran yarinyar kishiyarta, telan kuma angonta, ta ƙi yarda cewa an yi kuskure, ta ce furen nata ne, angon ya gaji da jiranta ne ya aiko da sallama, kuma kishiyar ce ta zuga shi. Ta sa aka jingine mata damin a ƙofar ɗakinta ta zauna kusa da shi tana karɓar gaisuwar matan tumatir, waɗanda suka ga tunda sun riga sun zo, kuma ga tsohuwa, kukan ba zai tafi a banza gaba ɗaya ba.

Matsalar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce ta tukuici, wadda gwaggwannin yarinyar suka zauna a kanta har la'asar sakaliya. Ɓangare ɗaya ya ce ba a ba da tukuicin mugun fata, ɓangare na biyu ya ce kyauta kyauta ce, kuma hana ɗan aike haƙƙinsa zai jawo wa gidan magana a Birik, wata kuma ta kawo shawarar a auna abin da kuɗinsa, aka tambayi yaron, ya faɗa, aka yi shiru, sannan babbar gwaggo ta lissafa katan nawa na sukari sefa 15,000 za ta saya, ta sake yin salati. Ita ce ta kira telan a waya yana tsakiyar surfanin wuyan riga, kuma ba ta amsa gaisuwarsa ba. "Kai ɗan nan, me muka yi maka?" Ya ce, "Gwaggo, lafiya dai?" Ta ce, "Lafiya lau, wadda ka kashe ga ta nan tana daka, in kana da saƙo ga mamata sai ka faɗa a gaya mata." Ya ce, "Ku yi haƙuri, Gwaggo, ban gane ba," ta ce ai da ma an ga alamar bai gane ba. Saƙon yarinyar ya shigo bayan magariba, kuma gajere ne: ta ga aike, ta gode, Allah ya jiƙan mu baki ɗaya.

Alhajin ne ya warware rikicin, ba da nasiha ba, da sikeli. Cikin waɗanda hayaniyar ta jawo akwai wani maƙwabci manomin koko da za a binne surukarsa washegari Asabar a wani ƙauye da ke kusa, wanda ya rasa mai zuwa Yawunde ya sayo masa fure, kuma tun da ya shigo idonsa bai bar damin ba. Aka ciro shi daga ƙofar kaka bayan doguwar tattaunawa da alkawarin goro, aka yanke gefen kintinkirin da ke ɗauke da sunan yarinyar da almakashi, sauran rubutun ya dace da surukar ba gyara, aka yi ciniki a gaban shaidu, manomin ya biya sefa 22,000 yana godiya. Alhajin ya sayi sukari da kuɗin aka rarraba wa gwaggwanni da matan tumatir, ya mayar wa mai ayaba ayabarta, ya bai wa yaron shago tukuicin da bai taɓa samun irinsa ba, aka rubuta a tarihin gidan cewa surukin Birik ya aiko da kayan azumi, sai dai ya biyo da su ta doguwar hanya.

Da kawun telan ya jagoranci tawagar ban haƙuri ranar Lahadi, ɗauke da ƙwaryar goro, wato goro ɗari cif, ya shirya jawabi a kan ƙuruciya da sharrin waya, amma Alhajin bai bar shi ya kai rabi ba. Ya ce, "Alhaji, abin da ya wuce ya wuce, ni tambayata ita ce, nawa yaron nan ya ce ya saya?" Da aka faɗa masa, ya buɗe littafin lissafinsa ya bayyana cewa tun da farashin koko ya yi tashin da ya yi a 2024 manoman yankin suka samu abin hannu, mai abin hannu kuma ba ya son a raina jana'izar gidansu, ga shi duk mai son fure sai ya aika birni, don haka yana son a aiko masa da guda biyu ranar Juma'a mai zuwa, amma a bar wurin suna a buɗe. An tuntuɓi limamin unguwa a kan halaccin wannan ciniki, ya ce zai duba littattafai, kuma har aka ɗaura auren bayan Sallah yana dubawa.

Matar mai fure ta samu labari daga bakin yaron shago, wanda yanzu shi ke kai kaya Obala kowace Juma'a kuma ya daina ƙona shadda saboda ba ya samun lokacin guga. Ta yi murna ƙwarai da jin cewa yarinyar tana da rai, ta yi wa Allah godiya da hannu biyu a sama, sannan ta aiko wa telan cewa ragin jaka ukun da ta yi masa na mamaci ne, tana jiran cikon kuɗinta.